Maliki Mai Kai Gaisuwar Honarabul

Duk wanda ya taɓa zaman makoki a Birnin Gwari ya san Maliki, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne siririn mutumin nan mai farar riga da ke isowa a kan tsohon babur, ya kafe shi nesa da tabarmi, ya karkaɗe jikinsa, ya tuɓe takalmi tun bai ƙaraso ba. Sai ka ji mai sanarwa ya ɗaga murya ya ce wakilin Honarabul Abdulkahar ya iso. Ni Haruna tela taubashinsa ne, mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce, saboda haka ina da damar faɗin duk abin da na ga dama a kansa. Farar rigar ma ni nake ɗinka masa, kuma har yau bai taɓa yaba ɗinkin ba.

A wani ƙauye kusa da Gwaska aka haife shi. Ya gama firamare da ƙyar, ya taɓa noma ya ga ba zai iya ba, ya shigo gari ya zama ɗan kamasho a tasha. A nan ya haɗu da Abdulkahar, wanda a lokacin malamin makaranta ne mai neman kujerar kansila. Maliki ya ji shi yana magana a bakin kasuwa a kan rijiya da taki, sai ya bar tasha ya ɗauki lasifika ya bi shi. Daga kansila malamin ya zama ciyaman, ya tafi majalisar jiha, ya wuce majalisar tarayya ya daɗe a can. Da ya sauka kuma bai dawo gida ba, ya shiga sahun dattawan da ake kira Abuja a ji ta bakinsu idan al'amari ya cakuɗe. Cikin waɗanda suka fara bin sa tare da Maliki, wani ya samu kwangila, wani kujerar Makka, wani aka sa masa ɗa a aikin gwamnati. Shi kuwa taubashina gaisuwar mutuwa ya samu, kuma ban taɓa jin ya ce an cuce shi ba.

Abin ya faro ne da rasuwar wani mai unguwa. Honarabul yana zaman majalisa, ya bugo waya ya ce Maliki ya je a madadinsa. Ya je ya yi abin da kyau, har iyalan suka aika da godiya. Daga nan aiki ya samu.

Kada ka ɗauka aikin banza ne, ko da yake ni haka nake ce masa. Maliki ba ya isa gidan makoki sai ya san sunan mamaci, da abin da ya yi ajalinsa, da sunayen 'ya'yan da ya bari. Ba ya hawa kujerar da ake ajiye wa manya, ba ya kuma zama can baya kamar ɗan kallo. Yakan durƙusa gaban babban gida, a shafa fatiha, sannan ya ce Honarabul ne ya aiko shi. Yakan nemi dattijuwar gidan ta kai saƙo wurin mata. Ba ya cin abinci, sai dai ya kurɓi ruwa don kada a ce ya raina. In ya dawo gida ya bugo waya ya ba da labari: wa ya zo, me aka ce, wace marainiya ce ke gab da barin makaranta. Sau da yawa bayan nan za ka ji an biya wa wata kuɗin makaranta ko an kai wani asibiti, ba tare da hayaniya ba. Wannan dai ba zan hana Honarabul ba.

A shekarun farko har da suna da ɗaurin aure yake zuwa, mutuwar kuma ta tsofaffi ce da masu jinya. Sai daji ya lalace. Ɓarayin shanu suka zama masu satar mutane, hanyar Kaduna ta zama sai da rakiyar sojoji, ƙauyuka suka fara kwararowa cikin gari da tabarmi a ka. Makoki ya daina zama na mutum ɗaya. Maliki yakan je ƙauye ya tarar da gidaje a jere, kowanne da tabarmarsa a ƙofa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana maimaita saƙo har muryarsa ta dushe. Matarsa Furera ta yi kuka ta gaji, ta ɓoye makullin babur, ya ari na maƙwabci ya tafi. Har rugar Arɗo Bakoji ya je lokacin da aka kore musu shanu aka kashe masa 'ya'ya, a daidai lokacin da ko gaisuwa da Bafulatani wasu ba sa so a yi. Ya dawo aka yi ta zagin sa a majalisu. Ya ce shi dai an aike shi ne, kuma ko ba a aike shi ba Arɗo ya taɓa zuwa masa gaisuwar mahaifiya.

Tambaya ɗaya ce ke bin sa duk inda ya je. In ya gama isar da saƙo, sai wani ya ce, "To shi fa, yaushe zai zo?" Maliki ya ce, "Zai zo da kansa, in sha Allahu." Da farko mutane suna cewa Allah ya kawo shi lafiya. Da shekaru suka tura ba a ga ko ƙeyarsa ba, sai suka koma yin murmushi, daga baya suka laƙaba wa Maliki suna Malam Zai-zo. Ni ma da shi nake kiran sa in ya zo gwajin riga. Matasan garin ba su san fuskar Honarabul ba sai a tsofaffin fastocin da rana ta cinye, inda yake da baƙin gemu da kumatu. Maliki yana dariya in an tsokane shi, amma na san abin yana cin sa, domin mutum ne da ba shi da gona mai kirki, ba shi da shago, abin da ya mallaka a garin nan shi ne a ce in ya faɗi magana haka take.

Wata rana ya dawo daga wani ƙauye a gefen dajin Kamuku ya zauna a bencin shagona. Can ya ce wani tsoho da aka kashe wa ɗa da jika ya riƙe masa hannu a gaban jama'a ya ce, "Ɗana, ba mu ƙi ka ba, amma ka faɗa masa mun gaji da ganin ka." Sai ya ce in shirya in raka shi Kaduna, ya ji Honarabul yana gidansa na can, zai je ya taho da shi. Na ce masa ni tela ne ba soja ba. Da gari ya waye dai ina cikin mota, muna bin ayari, kowa bakinsa yana motsi da addu'a.

Na je ne da niyyar in ga ƙaton mutum a kan kujera mai juyawa in ƙare masa kallo. Sai na tarar da tsoho a kan darduma, gemu fari fat, ƙafa ɗaya a kumbure an naɗe ta da bandeji saboda ciwon suga. Ya gane ni, har ya tambayi mahaifina da sunansa. Aka kawo abinci, ya ce mu ci shi an hana shi. Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba, na ce, "Ranka ya daɗe, ku da kuke sama me ya hana ku gyara mana hanya da daji?"

Bai ji haushi ba. Ya ce, "Malam Haruna, ku kuna ganin wanda ke Abuja shi ke riƙe da makulli. Ni ma haka na zata kafin in je. Na tsaya a zauren majalisa na yi magana a kan hanyar nan har abokan aikina suka koma kirana da sunanta. A tafa mini, a sa a kasafi, shekara ta ƙare, a sake sawa. In na shiga ofishin minista zai miƙe, ya kira ni Baba, ya sa a kawo mini shayi, ya rako ni har mota. Daga nan shi ke nan."

Ya gyara ƙafar ya ci gaba. "Matsalar ƙasar nan an tara komai a wuri ɗaya. Ɗan sandan da zai tsare Gwaska sai an turo shi daga inda bai taɓa jin sunan Gwaska ba, umarninsa kuma sai ya fito daga Abuja. Ni ra'ayina a ba jiha 'yan sandanta, a ba ƙaramar hukuma kuɗinta a hannunta, sannan a sa wa dukansu ido, don na yi ciyaman, na san halinmu. Daji kuma bindiga kaɗai ba za ta gyara shi ba. Yaron da aka haifa a ruga bai ga aji ba, bai ga asibiti ba, an nome burtalin da ubansa ke bi, gwamnatin da ya sani ita ce wadda ta zo kama shi. Ban ce a yafe wa mai kisa ba. In za a yi sulhu a yi, amma a fara tambayar matan da aka kashe wa maza me suke so." Ya taɓo maganar tallafin mai, ya ce shi ya daɗe yana cewa a cire, amma ba a ba mara lafiya magani mai ƙarfi cikinsa ba komai. Ya ce abin da muƙami ya koya masa shi ne mutum yana iya yin gaskiya shekara da shekaru, a yaba masa, kuma ko bulo ɗaya kada ya motsa.

Maganar Allah, na nemi inda zan kama shi ban samu ba. Maliki kuwa yana ta gyaɗa kai, don duk waɗannan maganganu ya haddace su, su yake faɗa wa mutane a ƙauyuka. Da tsohon ya numfasa, sai ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, mutane suna so su gan ka. Ko yini ɗaya ne."

Honarabul ya ce in ya taso dole a kwaso sojoji daga bakin aikinsu su raka shi, kuma likita ya hana shi doguwar tafiya. Duk gaskiya ne. Amma na lura mutumin da ya daɗe yana kallon tsakiyar idonmu, da aka zo nan sai ya koma kallon bandejinsa. Ya ce za a duba. Muka yi sallama.

A mota na ce wa Maliki, "To Malam Zai-zo, ka ji da kunnenka. Sai ka canza waƙa." Yana kallon itatuwa ta taga ya ce, "Haruna, in na ce musu ba zai zo ba, to ni wa nake wakilta?" Washegari aka yi rasuwa a bayan asibiti, na ji shi da kunnena yana cewa zai zo da kansa.

Bayan an yi sulhu da 'yan bindigar daji abubuwa suka ɗan lafa. Motoci suka koma bin hanya, kasuwar kara ta cika da shanu, mutane suka fara komawa gonakin da suka bari. Cikinsu har da Usama, babban ɗan Maliki, magidanci mai mata da jaririya, wanda ya gaji ƙarfin noman da ubansa bai samu ba. Ya share gonar kakansa ya shuka masara, ta kuma yi kyau. Ranar da ya je karya ta da safe, wasu da ba su ajiye bindiga ba suka fito masa suna son babur ɗinsa. Abokan aikinsa da suka ɓuya a cikin kara sun ce bai ma yi gardama ba. Kafin azahar aka kawo shi a bayan a-kori-kura.

Aka yi masa sutura aka kai shi. Muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Maliki, shi yana tsakiya, ni a damansa, liman a hagunsa. Nababa, tsohon da ke sanar da baƙi a duk makokin unguwarmu, yana tsaye a bakin layi. Ban ga hawaye a idon Maliki ba. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Da yake ina jikinsa, na ji komai. Patience ce, sakatariyar Honarabul a Abuja, wadda ta shekara da shekaru tana turo shi gidajen makoki, ba ta kuma san shi da wani suna ba sai Wakili.

Ta ce, "Baba Wakili, sannu da aiki. An faɗa wa Oga an kashe wani matashi a gona yau, sunansa Usama. Ya ce don Allah ka je ka yi gaisuwa yau ɗin nan, kada ya kwana."

Maliki ya ce, "To, 'yata. Za a je."

"Ka san gidan?"

"Na san shi."

Ya ajiye wayar. Ya miƙe ya shiga cikin gida, muka ɗauka wurin Furera za shi. Sai ga shi ya fito da farar riga da hula, ya ratsa mu ya tafi har bakin layi, ya juyo. Ya tuɓe takalmi daga nesa, ya yi sallama. Nababa ya dube shi ya dube mu, bakinsa a buɗe. Maliki ya ce masa, "Sanar mana." Tsohon ya sanar. Maliki ya tako ya durƙusa gaban liman, gefen gurbin da ya tashi, ya ce Honarabul Abdulkahar ya aiko shi, yana yi wa iyalan Usama ta'aziyya, Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Liman ya amsa yana share ido da hannun riga. Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya tambaye shi yaushe zai zo.

Ni kam raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa ji ba. Na ɗauki wayar na zaga bayan gida na kira lambar. Na ce wa yarinyar nan, "Kin san gidan wa kika aike shi? Gidansa ne. Ɗansa ne na fari." Na ƙara da wasu maganganun da ba sai na maimaita ba. Sai na ji ta fashe da kuka tana cewa ba ta sani ba, wallahi ba ta sani ba. Na san ba ta sani ba. Na kashe wayar na koma na zauna.

Ranar sadakar uku jama'a ta cika layin. Manyan gari sun turo wakilansu, Nababa yana ta sanarwa, ana ba su kujeru a inuwar rumfa. Da hantsi ɗan acaɓa ya sauke wani tsoho a bakin layi, da sanda, da riga mai ruwan toka duk ta yamutse da zaman motar haya, ƙafa ɗaya cikin silifas ɗaya cikin bandeji. Ba mota, ba soja, ba mai riƙe masa jaka. Nababa ya tare shi kamar yadda ya saba tare duk baƙon da bai sani ba.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Wa ya aiko ka, a sanar?"

Tsohon ya ce, "Ba wanda ya aiko ni."

Sai Nababa ya nuna masa bakin tabarma ta ƙarshe, inda rana ta fara taɓawa, wurin da 'yan unguwa da masu wucewa ke zama. Ya lallaɓa ya zauna da ƙyar, ya miƙe ƙafar, ya ɗaga hannu ya yi addu'a shi kaɗai.

Na gane shi tun saukarsa. Na yunƙura zan miƙe in faɗa wa duk wanda ya taɓa cewa Malam Zai-zo ya buɗe ido ya gani, har da ni. Maliki ya danne mini gwiwa. Ya ce a hankali, "Zauna. In aka sanar, yanzu za a yanyame shi da koke-koke, a manta da Usama." Na ce, "Shekara nawa ana yi maka dariya?" Ya ce, "Na sani. Zauna."

Ya tashi ya ratsa mutane, ya wuce wakilan da ke kan kujeru, ya je ya zauna a bakin tabarmar nan kusa da tsohon. Na bi shi na tsuguna a bayansu kamar mai neman inuwa. Honarabul ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana jawabi a majalisa, sai ga gemunsa yana rawa.

Ya ce, "Maliki, ban san abin da ake cewa ba."

Maliki ya ce, "Ba a cewa komai, ranka ya daɗe. Zama ake yi."

A nan ne na ga taubashina ya yi kuka, karo na farko tun da aka kawo gawar. Ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna girgiza, tsohon ya ɗora masa hannu a baya ya bar shi a nan. Mutane suna wucewa suna cewa Allah ya ba da haƙuri, wasu suna tambayar juna ko wani ɗan'uwa ne daga ƙauye. Aka zagayo da gumba, aka miƙa wa baƙon nasa a ƙarshe, ya karɓa ya riƙe a hannu. Rana ta cim musu ba su matsa ba. Da aka kira azahar Maliki ya kama shi ya miƙar, ya kai shi gindin bango, ya tsuguna yana zuba masa ruwan alwala.